Aidin a Cikin Toka

Daejeon, 24 ga Yuli

Yaya Dalsu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya kunnen naka? Yaya Inna da gwiwoyinta? Mu nan lafiya lau, sai zafi, sai kuma jinin Baban Narae da ke hawa duk sanda aka ambaci jarrabawa.

Sau uku ina buga maka waya, sau uku ina ihu kana ce mini "Wa? Wa?", har maƙwabta suka san damuwar gidanmu kai ba ka sani ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ka san bara makin Narae bai kai ta jami'a ba. Bana karo na biyu ke nan, kuma ubanta ya yanke magana: in bai kai ba ranar sha uku ga Nuwamba, babu na uku. Shagon tayil na ƙanensa za ta koma ta riƙa amsa waya. Ni kuwa so nake ta karanta haɗa magunguna, ta yi aikinta a inuwa, ba kamar ni da na girma da hannu cikin ruwan gishiri ba.

Malaminsu na makarantar bita ya ce lissafinta ba laifi, kemistiri ne ke mayar da ita baya, musamman wasu abubuwa huɗu da ake kira halojin. Duk gwajin da aka yi sai ta birkita su. Jiya na same ta tana kuka a kan littafi, na ce mene ne kuma, ta ce, "Mama, na haddace su ya fi sau ɗari, da na ga takarda sai su watse."

Kai ne ka yi shekara goma sha biyu kana koyar da abin nan a Gwangju kafin ka tattara ka koma tsibiri auna ganyen teku. Babanka da babana ciki ɗaya suka fito, ba ni da wanda zan roƙa sai kai. Ka rubuto mata bayani. Gajere, Yaya. Na san ka.

Ƙanwarka,
Okbun

*

Tsibiri, 2 ga Agusta

Maman Narae,

Wasiƙarki ta iso, na kuma ji daɗi da ba ta da murya. Kunnuwan suna nan yadda kika san su: na hagu ya yi ritaya, na dama yana aikin rabin rana. Inna lafiya, gwiwoyinta na riga rediyo sanar da ruwan sama da kwana biyu. Ki miƙa wa yarinya sauran takardar.

Narae, kawunki ne. Ajiye haddar nan tukuna. Su huɗu za a tambaye ki, daga sama zuwa ƙasa: fulorin, kulorin, buromin, aidin. Akwai na biyar, amma ko a duniya ba ya daɗewa, bare a takardar jarrabawa. Gidansu ɗaya, halinsu ɗaya. Kowannensu ilektiron bakwai gare shi a zagayen waje, saura guda ya cika takwas, kuma gudan nan ya hana su zama lafiya da kowa. Na karanta tarihi da ɗan dama, yawancin masu tada yaƙi haka suke: ba waɗanda ba su da komai ba ne, waɗanda saura kaɗan ne.

Bambancinsu a jiki yake. Fulorin ne ƙarami, ɗan firit, shi ya fi kowa masifa, abin da ya sa wa ido sai ya fizge. Kulorin na bin bayansa, iska ne kore-kore mai shaƙe mutum. Buromin ya fara nauyi har ya zama ruwa, ja mai duhu. Aidin ne babba, mai jiki, a zaune yake daskare, hannunsa ya yi nisa da ƙirjinsa, ko abin da ya riƙe ƙwace masa ake yi. To ga dokar da za ta fisshe ki: na sama yana korar na ƙasa daga mazauninsa, na ƙasa ba ya korar na sama. Ƙarami da masifa, babba da haƙuri. In kin duba da kyau, za ki ga irin wannan zama a gidaje da yawa.

In aka ɗiga ruwan azurfa a gishirinsu, na kulorin zai kwanta fari, na buromin ruwan madara, na aidin rawaya. Na fulorin ba ya kwantawa, don shi dai sai ya saɓa.

Sai dai a shekara goma sha biyu ban ga ɗalibin da ya riƙe launi daga littafi mai baƙi da fari ba. Don haka zan sa kwali a jirgin ruwan gobe. Kada a dafa abin da ke ciki. Bayani na tafe.

Dalsu

*

Daejeon, 9 ga Agusta

Yaya,

Ina gaida Inna. Muna lafiya, ko in ce lafiya muke kafin kwalinka.

Ka san ranar da ya iso? Ranar da ya rage kwana ɗari cif. Ni da surukata mun dawo daga haikalin kan dutse, mun fara addu'ar kwana ɗari, sai ga maigadi tsaye a ƙofa da kwali, an rubuta GANYEN TEKU a jiki da harufan da makaho zai karanta.

Ya ce, "Maman Narae, ba 'yarki ce mai jarrabawa ba?"

Surukata ta dafe ƙirji. "Wane maƙiyi ne ya aiko mana da santsi?"

Na ce, "Uwa, ɗan baffana ne, malami ne."

Ta ce, "Malamin me? Malamin faɗuwa?"

Haba Yaya! Gidan mai jarrabawa! Ɗan shekara biyar ya san ba a shigo da ganyen teku gidan mai jarrabawa, ba a miyarsa, ba a ko taɓa shi, don kada yarinya ta zame. Ni da ko ƙwai na daina fasawa a gabanta. Bara ko ƙamshinsa ban bari ya shigo ba. Kai da ka karanta littafi ya fi buhu goma, wannan ne bai shiga kanka ba?

Na biyu. Na karanta takardar kafin in ba ta, kuma ni ba jaka ba ce. Ƙarami mai masifa, babba mai jiki da ake kora daga mazauninsa. Baban Narae ya karanta, ya yi ta dariya har ya sarƙe, yana cewa, "Kai, yayanki ya san mu." Ni ban yi dariya ba. Bayani na roƙa, ba habaici ba.

Kwalin ya zame mini ƙarfen ƙafa. Ba zan zubar ba, hannun Inna ne ya shanya shi. Ba zan ba maƙwabta ba, na ƙasanmu su ma ɗansu zai zauna jarrabawar, sai su ce da gayya na yi. Yana saman bene, na kifa masa baho. Daga yau duk abin da za ka rubuta wa Narae ta hannuna zai bi.

Okbun

*

Tsibiri, 17 ga Agusta

Maman Narae,

Muna lafiya. Inna ta ce a gaya miki ganyen na bana ne, mai kauri, ita ta zaɓa da kanta, kuma in baho ya sa ya yi gumi ba za ta yafe ba.

In kin buɗe kwalin za ki ga ba ganyen miya ba ne, dashima ne, mai faɗin nan na haɗa romo, ya bushe ƙamas, ana iya kafa ƙusa da shi. Amma na san amsarki, za ki ce santsi santsi ne. Abin da ya ba ni mamaki, ke ce yarinyar da ke gudu a kan duwatsun bakin ruwa da kwando cike da jiƙaƙƙen ganye a ka, ban taɓa ganin kin zame ba. Shekara ashirin a birni, yanzu busasshe ke ba ki tsoro. Kin kuma ce bara ko ƙamshinsa bai shiga gidan ba. Na karanta layin nan sau biyu, na yi shiru, don ni mutum ne mai tausayi.

Batun habaici kuwa, an jera abubuwan nan huɗu shekara tamanin kafin a haife ki. In jerin ya yi kama da gidanki, sai ki kai ƙara wurin ɗan Rashan da ya jera su.

Dalilin kwalin shi ne, aidin yana cikin ganyen nan, irin wanda ake shafa wa rauni. Ina son Narae ta fito da shi da hannunta, ta ga kulorin ya kore shi da idonta. Daga ranar ba za ta ƙara juya su ba. Ba zan ɓata tawada wajen rubuta yadda ake yi ba sai kin ce kin yarda.

Yayanki,
Dalsu

*

Tsibiri, 29 ga Satumba

Maman Narae,

Da fatan lafiya ce ta hana ki rubutu, ba akasinta ba. Mako shida ke nan. Mai raba wasiƙu ya fara kawar da kai in ya hango ni.

An yi bikin girbi. Na share kaburburan kakanni ni kaɗai, har da na babanki, na zuba masa giyarsa, na kuma gaya masa 'yarsa tana gaba da ni saboda ganye. Bai ce komai ba. Shi ma tun yana raye ba ya shiga rigimarki.

Saura kwana arba'in da biyar. Ki yi fushi da ni yadda kike so, amma ki tambayi Narae wannan: in aka zuba buromin a gishirin kulorin, me zai faru? In ta ce ba komai, ki ba ta nama. In ta tsaya tunani, ki rubuto mini.

Dalsu

*

Daejeon, 12 ga Oktoba

Yaya,

Lafiya muke. Na gode da kabarin Baba. Wannan kam na gode.

Na tambaye ta. Ta tsaya tunani, sannan ta ba da amsa a juye. A gwajin makon jiya ma haka ta yi, makinta ya sauka da shida. Ubanta kuwa na ji yana waya da ƙanensa yana tambayar ƙarfe nawa suke buɗe shago.

Surukata ta je wurin wata mai duba. Matar ta rufe ido ta ce akwai abu mai santsi a saman kan yarinyar. Yaya, ɗakin Narae daidai ƙarƙashin bahon nan yake! Tsohuwa ta dawo ko takalmi ba ta cire ba.

"Ɗauko ashana."

"Uwa, abinci ne fa."

"Abinci ko jikata? Zaɓi."

Mun ƙone shi. Duka. A tsohuwar tukunyar ƙarfe, a saman bene, muna sawa kaɗan-kaɗan tun hantsi har rana ta karkata, don ba ya cin wuta da sauri. Hayaƙi ya tashi, matar ƙasanmu ta leƙo tana cewa, "Maman Narae, gawa kuke ƙonawa?" Na ce mata e, ta wani malami.

Ba abin da ya rage sai toka, cikin tukunya, na rufe. Ƙarshen wata za mu kai ta rafi. Ka ba Inna haƙuri. Kai kuma ga ƙarshen kemistirinka.

Okbun

*

Tsibiri, 16 ga Oktoba

Ƙanwata ta kaina,

Muna lafiya, ni ma har na fi jiya. Na biya kuɗin gaggawa don takardar nan ta riga rafi.

Na gode. Matakin farko na aikin, wanda ya fi wahala, wanda na yi wata biyu ina tunanin yadda zan roƙe ki, shi ne a ƙone ganyen a hankali a tukunyar ƙarfe har ya zama toka. Da na rubuto miki haka, da har yau yana ƙarƙashin baho. Ki miƙa godiyata ga mai dubar nan. Na yi aiki da mataimaka da yawa a ɗakin gwaji, ba wadda ta kai ta.

Yanzu ki je wurin surukarki cikin ladabi ki tambaye ta: toka tana da santsi? Ki tuna mata ita ake barbaɗawa a ƙofar gida in ƙanƙara ta kwanta, don kada tsofaffi su zame. In ta sami amsa, a kai rafi.

In ba ta samu ba, ga aikin. Narae ta tafasa tokar da ruwa kofi biyu, ta tace da tsumma mai tsabta. Ta ɗibi rabin kofi, ta zuba ruwan tsami na girki kaɗan-kaɗan har ya daina kumfa, sannan cokali ɗaya na ruwan dafaffiyar shinkafa, sitacinsa muke so. Ruwan zai zauna fari kamar ba komai. Aidin na ciki, ya sami gudan da yake nema ya lafe. Sai a tsarma bilic ɗin wanki, cokali ɗaya a kofin ruwa, a ɗiga ɗigo ɗaya. A buɗe taga. Kada wanda ya kusanto da ruwan tsami wajen kwalbar bilic, iskar da zai tashi ita aka yi yaƙi da ita.

Ɗigo ɗaya, Okbun. Na san yadda kike wanke banɗaki.

Dalsu

*

Daejeon, 3 ga Nuwamba

Yaya,

Ban san ko lafiya muke ba.

Surukata ta yi mako biyu tana juya maganar toka, ta tambayi tsofaffi uku a haikali, daga ƙarshe ta ce ba ta yarda ba amma ba ta hana ba, kuma za ta zauna ta gani. Yau da safe muka yi, a kicin, taga a buɗe. Narae ta ɗiga. Yaya, shuɗi ya buɗe a cikin kofin kamar an fasa tawada. Ta yi tsalle tana ihu, "Ya kore shi! Mama, kulorin ya kore shi!" Rabon da in ji muryarta haka tun tana firamare. Tsohuwa ma ta matso ta ce, "Kai, kamar rini."

Ni ce na ɓata. Na ga gefen kofin bai yi duhu sosai ba, na ce bari in ƙara ya kama da kyau. Ba daga kofin da aka tsarma ba, daga kwalba, murfi guda. Wari ya tashi har muka ja baya da tari, shuɗin kuma ya tafi. Gaba ɗaya. Ruwa ya koma fari fat kamar ba a taɓa yin komai ba.

Surukata ta zauna a ƙasa ta ce, "Ya zo, ya tafi."

Narae ta daɗe tana kallon kofin. Ta kwashe sauran ruwan tokar ta shige ɗaki. Da rana ta fita, ta dawo da wani ƙaton littafi da ta aro wurin malaminsu, wanda shi da bakinsa ya ce ba ya cikin abin da za a tambaya. Saura kwana goma, tana karanta abin da ba zai fito ba. Na kai mata abinci, ta ce, "Ajiye, Mama," ko ɗagowa ba ta yi ba.

Bar zolaya sau ɗaya ka gaya mini gaskiya. Me na yi?

Okbun

*

Tsibiri, 6 ga Nuwamba

Okbun,

Lafiya muke. Ba ki yi komai ba sai abin da rabin ɗalibaina suka yi, su kuwa ba su da hujjar son 'ya. In kulorin ya yi yawa, ba ya tsayawa a korar aidin, bin sa yake yi ya ƙara ƙwace masa, har ya mai da shi wani gishiri marar launi wanda sitaci ba ya ganewa. Aidin yana nan cikin kofin, bai je ko'ina ba. Ba ishara ba ce, yawan bilic ne. Ki karanta wa surukarki wannan da ƙarfi.

Ki bar yarinya da littafinta. Mai neman dalilin abu ta wuce mai hadda, kuma kwana goma ba ya rage wa kowa abin da ya sani.

Ƙari, 11 ga wata: iska ta tashi tun ranar da na rufe ambulan, jirgi bai motsa ba kwana biyar. Na daure na buga waya sau biyu, duka surukarki ta ɗauka. Kurame biyu, minti goma. Ina jin ta ɗauka mai sayar da gas ne, don ta yi odar tukunya ɗaya. Kullum ina bakin tasha ina kallon ruwa kamar zai ji kunya. Ban taɓa jin haushin tsibirin nan irin na makon nan ba.

Dalsu

*

Tsibiri, 20 ga Disamba

Maman Narae,

Muna lafiya. Rediyo ta ce sakamako ya fito tun farkon wata. Ko kalma ɗaya ce, ki rubuto.

Dalsu

*

Daejeon, 3 ga Fabrairu

Yaya,

Ina gaida Inna, ina gaishe ka. Kowa lafiya, jinin Baban Narae ya sauka, nawa ne ya hau.

Takardarka ta iso kwana biyu bayan jarrabawa. Na shiga ɗakin jiran iyaye da "ya zo, ya tafi" a cikina, na fito da shi. Da Narae ta karanta bayaninka sai ta ce, "Ai na sani. Kawu ma bai faɗi sunan gishirin ba." Ashe tun kwana na biyu ta gano, ta sake gwajin sau uku a ɗakinta, tana ƙirga ɗigon da ke kawo shuɗi da wanda ke kashe shi. Ba ta ga dalilin gaya wa uwarta ba.

Ka san tambaya nawa ta fito a kan halojin ɗinka? Ɗaya. Maki biyu. Wata huɗu muna faɗa, mun ƙone ganyen Inna, na ɓata da matar ƙasanmu, a kan maki biyu.

Ta ci. Makinta ya kai haɗa magunguna, har da rara. Na yi kuka, surukata ta ce addu'arta ce, ubanta ya buga wa ƙanensa ya ce ya nemi wata.

Sannan aka zo cike takardar jami'a. Ta cike da kanta, ta kawo wa ubanta ya buga hatimi. Na leƙa. Ba magunguna ba ne. Kemistiri ne zalla, kuma a Gwangju.

Na ce, "Ke, kin haukace? Me ake ci da shi?"

Ta ce, "Mama, a kantin magani ba wanda zai tambaye ni dalili."

Na juya wurin ubanta, na ce ka yi magana mana. Mutumin da ya shekara yana yanke hukunci sai ya ce, "Ni cewa na yi ta ci. Ta ci." Ya buga hatimi.

Shi ya sa ban rubuto ba. Na fara sau huɗu, duka ba su dace Inna ta ji ba. Jami'ar ta ɗauke ta, takardar ta zo shekaranjiya.

Za ta taso ranar ashirin da bakwai ga wata, jirgin ƙasan da ke isa Gwangju biyu da rabi na rana. Ni ba zan raka ta ba, in na je ba zan iya barin ta a can ba. Ba ta taɓa kwana a wani gari ba, ba ta san kowa ba, akwatinta ya fi ta nauyi. Kai ka jawo, kai za ka tarbe ta. Ka fito tun ana gobe, ka kwana a gari, ka tsaya daidai ƙofar fita inda za ta gan ka. Ka yi aski. Ka tabbata ta ci abinci kafin ka fara yi mata bayanin komai.

Ƙanwarka,
Okbun